Yadda Ake Zaɓar Gam da Aiki da Shi Wajen Haɗa Ɗan Jirgin Ruwa na Katako

Ɗan jirgin ruwana na ado na farko a watan Agusta na rufe masa jiki da falankai, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba a Kaduna har ƙofar ɗaki ta kumbura ta ƙi rufuwa. Na goge shi ya yi sumul, na ɗora kan kabad, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Can cikin Janairu, hunturu ya kankama, muna zaune da dare sai muka ji ƙas! daga saman kabad. Uwargida ta ce ɓera ne. Na haska tocila, ashe falanki uku ne suka saki a goshin jirgin, sauran kuma duk sun yi baki, har farce na shiga tsakaninsu. Da sufa gulu na manna su tun daga farko har ƙarshe, kuma da danshinsu na manna su. Aikin wata huɗu, sai da na ɓamɓare rabinsa.

Tun daga ranar na daina tambayar wane gam ya fi ƙarfi. Abin da nake tambayar kaina yanzu shi ne me zan haɗa da me, kuma a wane wata nake. Takardun bayanin da ke zuwa cikin kwalin jirgi a Turai aka rubuta su. Waɗanda suka rubuta ba su zauna a garin da katako ke shan ruwa ya ƙoshi da damina, ya dawo ya bushe ƙamas da hunturu ba.

Ɗan jirgin ado nake nufi, irin wanda ake kwaikwayon tsofaffin jiragen filafilai da shi, kamar HMS Victory na Ingila da aka saka a ruwa a 1765, ko Cutty Sark na 1869. Wasu kan yi odar kwalin da aka riga aka yanka komai daga kamfanoni irin su Amati na Italiya, OcCre da Artesanía Latina na Sifen, ko Billing Boats na Denmak. Wasu da guntayen katakon kafinta suke tayar da nasu, har da kwalekwalen da suke gani a kogin Kaduna. Ko wanne ka ɗauka ginin kusan ɗaya ne: ƙashin baya a tsakiya, haƙarƙari a gicciye, siraran falankai su rufe jiki, daɓe a sama, sannan jigo, wato doguwar sandar da ke ɗaukar filafilai, da igiyoyi. Galibin kwalayen nan ba sa zuwa da gam, kai za ka nema.

Mataki na farko: ka san gam huɗu da aikin kowanne

Farin gam na kafintoci shi ne uban tafiya. Shi ne wanda 'yan Panteka, kasuwar masu aikin hannu ta Kaduna, ke kira Top Bond ko da wani kamfani ne ya yi shi, a jikin roba kuma sau da yawa za ka ga haruffan PVA. Ruwa ne ke ɗauke da shi: ka shafa, ya ratsa cikin katako, ruwan ya fice, abin da ya rage ya ƙulle ɓangarorin biyu. Shi ya sa katako da katako yake so, ko takarda, ko zaren auduga. Ka sa shi a ƙarfe ko a kan fenti, ɓata lokaci ne, don babu inda zai ratsa. Yana ba ka 'yan mintuna ka daidaita abu kafin ya kama. In ya bushe yana da ɗan sassaucin da zai bi katako idan ya motsa. In ka yi kuskure kuma ana iya kwance shi, wannan kaɗai ya isa a so shi. Yana da ɗan'uwa rawaya, Titebond na Amurka, mai saurin kamawa da daɗin gogewa da sanfefa. In ka samu, madalla. In ba ka samu ba kada ka fasa aiki saboda shi.

Na biyu sufa gulu. Wani masanin sinadarai na kamfanin Eastman Kodak mai suna Harry Coover ne ya gano shi, aka fara sayar da shi a 1958 da sunan Eastman 910. Ba bushewa yake yi ba. Danshin da ke jikin abu da na iska ne ke sa shi daskarewa. Don haka da damina yakan kama kafin ka ƙifta ido, da hunturu kuma ka riƙe abu ka yi ta jira, kuma shi ya sa yake kama yatsa fiye da yadda yake kama busasshen katako. In ya daskare kamar gilashi yake, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Akwai tsinkakke kamar ruwa, akwai mai ɗan kauri, akwai mai kauri kamar man shafawa. Ƙananan bututun da ke kowace tireda galibi tsinkakken ne, shi ne kuma mafi wuyar sarrafawa, domin gudu yake yi, ya bi jijiyar katako ya ɓullo inda ba ka aike shi ba. In ka ga mai kaurin, saya.

Na uku aradait, wato Araldite da danginsa masu bututu biyu, irin wanda makanikai ke toshe yoyo da shi. Ba ruwansa da iska ko danshi, haɗuwar bututun biyu ce ke sa shi daskarewa. Yana cike rami, ba ya tsoron ruwa, shi ne mai aurar da ƙarfe da katako. Akwai na minti biyar, akwai mai jinkiri da ke kwana kafin ya yi ƙarfi. Mai jinkirin ya fi riƙo.

Na huɗu ebostik, wato Evo-Stik da ire-irensa, wanda kafinta ke manna fomeka da shi, shumeka kuma ƙasan takalmi. Aikinsa a jirgi kaɗan ne, za mu zo kansa.

Sauran ka bar su. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga sai dai ka riƙe wani abu da shi a kan allon aiki na ɗan lokaci, zafin Afrilu ma na iya sassauta shi. Gam ɗin nan mai yin kumfa in yana bushewa yakan kumbura ya ture falanki daga wurinsa. Ƙaro, wanda malamai ke haɗa tawada da shi, yana iya liƙa tutar takarda, amma danshi na taɓa shi ya saki. Kokon sitaci da gam ɗin fata kuwa, ka ɗora wa kyankyasai tukunya ne.

Mataki na biyu: saye da gwaji

A shagunan kayan gini da na kayan kafintoci, ko a Panteka ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za ka sami duka huɗun. Ka sayi ƙananan mazubi. Jirgi guda ba ya cin gam da yawa, babbar roba kuwa za ta lalace kafin ka sha rabinta. Kada ka ɗauki wadda aka jera a waje rana na dukanta. Ka ce wa mai shago, "Maigida, a ɗauko mini ta ciki, a buɗe in gani." Farin gam mai kyau sumul yake kamar kindirmon da aka dama. In ka ga gudaji, ko ruwa ya kwanta a sama, ko yana tsamin wari, ka mayar. Na taɓa sayen na awo a wani shago don araha, ashe an tsinka shi da ruwa. Araha ba ta ado.

Ko da ya yi kyau a ido, ka gwada kafin ya taɓa jirginka. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ka bar shi ya kwana. Da safe ya kamata ya washe, kana hango gilashin ta cikinsa, kuma ya ɓamɓaru kamar leda. In ya fito fari fat yana marmashewa kamar alli, ba shi da amfani. Sannan ka manna guntayen katako biyu daga irin wanda za ka yi aiki da shi, ka matse, ka bar su awa 24, ka karya. Idan katakon ne ya yage ya bar ɓarɓashinsa a jikin ɗayan, gam ya ci jarrabawa. Idan suka rabu tas a kan layin gam, ko gam ɗin ne ko shirinka ne ke da matsala.

Mataki na uku: ka duba katako, ka duba sama

Katako ba ya ƙara tsawo ko raguwa yadda za ka lura, a faɗi yake motsi. Falanki guda mai faɗin milimita 5 motsinsa ba komai ba ne, amma ka jera talatin a gefe ɗaya ka ga abin da za su tara. Wanda ya rufe jiki a tsakiyar damina, katakonsa a kumbure yake, hunturu zai zo ya karɓi bashinsa. Ni dai daga Nuwamba nake fara rufe jiki, bayan ruwa ya ɗauke, iska ta fara bushewa. Damina kuma in yi ƙananan kayan sama. Ko yaushe ka fara, ka buɗe kwalin ka bar katakon a ɗakin da za ka yi aiki kamar mako biyu, ya saba da iskar wurin. Wanda aka ɗauko daga 'yan katako kuwa ya fi haka buƙatar jira, don sau da yawa ɗanye ake sayar da shi.

Obeche da afara da maɗaci duk suna karɓar farin gam ba gardama. Wani abin sha'awa, obechen da masu wannan aiki a Ingila ke yanka falankai da shi, da sapele da ake yi wa jirgi riga ta biyu da shi, wato siraran falankan da ake ɗorawa a kan na farko, itatuwan dazuzzukanmu ne na Afirka, sapele ma sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka. Iroko da tik su ne masu maiƙo. Kafin ka manna su ka goge wurin da asiton, irin wanda mata ke goge jan farce da shi, ka manna da zarar ya bushe. Idan na'ura mai ƙuna ce ta yanka kayan kwalinka, za ka ga gefensu baƙi. Ka goge baƙin nan da sanfefa, in ba haka ba gawayi ka manna da gawayi.

Mataki na huɗu: ƙashin baya da haƙarƙari

Kada ka buɗe gam sai ka haɗa komai haka nan ka gani. Kowane haƙarƙari ya shiga tsagarsa da ɗan turi na yatsa, ba da guduma ba, ba kuma yana lilo ba. Wanda ya matse ka rage shi da magagari. Wanda ya yi sako-sako ka manna masa siririn ɓawon katako a cikin tsagar. Farin gam ba ya cike gurbi, in ya bushe raguwa yake yi, ya bar ka da haɗi mai girgiɗi.

Ka kafa ƙashin baya a kan miƙaƙƙen allo tsakanin sanduna biyu don kada ya karkace. Zuba gam kaɗan a murfin kwalba, ka ɗiba da ƙaramin buroshi ko tsinken sakace, ka shafa a cikin tsagar ɓangarorin biyu, ka zura. Fara daga na tsakiya. Jingina masa ƙaramar sikwaya, ko bulon wasan yara na Lego wanda kusurwarsa daidai take, ka maƙale da abin maƙale shanya. Bayan rabin awa ka wuce na gaba. In ka gama duka, ka tsinka gam da ruwa kaɗan ka bi kusurwoyi da buroshi, ka bar shi ya kwana. Sufa gulu ba shi da gurbi a nan. Haƙarƙarin da ya kama a karkace cikin daƙiƙa biyar, da shi za ka zauna har ƙarshen aiki.

Washegari ka goge gefen haƙarƙarin da sanfefar da ka manna a doguwar sanda, har sai falanki ya kwanta a kan dukkan kaurinsu, ba a kan kaifin gefe kawai ba. Ba maganar gam ba ce kai tsaye, amma a nan ake samun filin da gam zai kama.

Mataki na biyar: rufe jiki

A nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa, don haka bari in daɗe.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ba tun yana ɗanye ake manna shi ba. Ka jiƙa falanki a ruwan ɗumi na kamar minti ashirin, ka lanƙwasa shi a hankali a jikin wani abu mai zafi, ko butar shayi ko gefen dutsen guga. Zafin ne ke sa shi riƙe sabon siffarsa. Ka ɗora shi a inda zai zauna, ka riƙe da fil da robar ɗaure kuɗi, ba gam, ka bar shi ya bushe sarai. Da hunturu awa biyu zuwa uku sun isa, da damina sai ya kwana. In ka cire fil ɗin ya kamata ya zauna da kansa, ko ka riƙe shi da ɗan yatsa ɗaya. Falankin da sai ka danne da ƙarfi yake kwanciya bai shirya ba. Gam ba igiya ba ne da za ka ɗaure mai gardama da ita, ko ya riƙe yau, yana nan yana ja har ranar da zai ƙwace.

Ka ɗan zaftare gefen falankin ta ciki da sanfefa, yadda zai haɗu da na kusa da shi ba rata a waje. Sannan ka shafa gam a wuri biyu: kan kowane haƙarƙari, da kuma tsawon gefen da zai haɗu da falankin da ya riga shi. Na biyun nan mutane ke mantawa, alhali shi ke mayar da jikin jirgi ƙoƙo ɗaya. Sirinjin kemis da aka cire wa allura yana zuba siririn layi mai kyau. Shafin ya zama kaɗan, yadda kana hango katako ta cikinsa. In ka matse ka ga 'yan ƙananan ɗigo sun ɓullo a layin, daidai ke nan. In yana zuba, ka yi ɓarna. In babu abin da ya fito, ka yi rowa.

Da hunturu gam yakan yi fata tun kafin ka kai ƙarshen falanki. Ka shirya fil da maƙalai a kusa tun kafin ka fara shafi, ka kashe fanka, ka kife kofi a kan murfin gam ɗin. In ya riga ya yi fata kada ka manna a haka, kankare ka sake. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, ka share wurin da busasshen buroshi kafin kowane shafi. Da damina kuma akasin haka, abin da ke kamawa a rabin awa yana iya neman awa guda ko fiye, kada ka yi saurin cire matsi.

Akwai dabarar haɗa biyu da ke rage jira. Ka shafa farin gam ko'ina, amma ka bar ɗan fili a goshin jirgi da wani wuri ɗaya ko biyu inda lanƙwasa ta yi tsanani, ka ɗiga sufa gulu mai kauri a wurin, ka danne da yatsa kana ƙirga talatin. Sufa gulun ya tsaya a matsayin ƙusa, farin gam ya yi ainihin aikin. Kada dai su cakuɗu a wuri ɗaya, don ruwan farin gam zai daskarar da sufa gulun tun kafin falanki ya zauna. In sufa gulu ya ƙi kamawa da hunturu, ka hura wa katakon hucin bakinka kafin ka haɗa, danshin numfashi ya isa.

Wutsiyar falanki, inda aka yanke jijiyar katako, shan gam take yi kamar soso. Ka fara shafa mata tsinkakken gam, ka jira minti goma, sannan ka sa na gaske.

Gam ɗin da ya ɓullo waje kada ka bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, tura shi kake yi cikin katako, ranar shafa launi kuma wurin zai fito fari kamar tabon ƙuna. Ka jira kamar minti goma sha biyar ya yi tauri kamar cingam, ka ɗebe shi da bakin reza. Fil na baƙin ƙarfe ma kada ya daɗe a jiƙaƙƙen gam a jikin maɗaci ko sapele, yana barin baƙin tabo. Na tagulla ya fi.

Falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, haka za ka riƙa yi. In ka cika gefe ɗaya kafin ɗayan, jan da suke yi zai karkatar da ƙashin baya. Biyu zuwa huɗu a rana ya isa. Kafin ka rufe na ƙarshe, ka shafe cikin jirgin gaba ɗaya da tsinkakken farin gam ko banish, ta yadda iska ba za ta riƙa shiga katakon ta ciki ta bar waje ba. Ƙananan ratar da suka rage, ka kwaɓa garin katakon da ka goge daga jikin jirgin da farin gam ka cike.

Mataki na shida: riga ta biyu da jan ƙarfe

Kwalaye da yawa na zuwa da falankai kashi biyu: na farko mai kaurin kamar milimita 1.5, na biyu siriri, rabin milimita, mai kyan launi. Takardar bayani takan ce a manna na biyun da ebostik. Yadda ake yi: siririn shafi a ɓangarorin biyu, a jira minti goma zuwa sha biyar har ya daina bin yatsa, a ɗora, a murje da bayan cokali. Sau ɗaya ake ɗorawa, in ya taɓa ya taɓa ke nan. Ni na rage amfani da shi tun da na bar wani jirgi a bayan mota da rana cikin Afrilu na dawo na tarar da gefen rigar ya ɗaga kamar ɓawon albasa. Yanzu farin gam nake shafawa a ɓangarorin biyu, in bar shi ya sha iska ya kusa bushewa, in ɗora, in bi da bakin dutsen guga mai matsakaicin zafi, da takarda a tsakani. Zafin na narkar da shi ya kama nan take. Ko babu wuta, na gawayi ma yana yi.

Inda ebostik ke da amfani shi ne farantai na jan ƙarfe da ake jerawa a ƙasan jirgi. A 1780 an lulluɓe ƙasan Victory na gaske da faranti 3,923 don kare shi daga tsutsar teku mai huda katako, masu kwaikwayonsa kuma sukan manna nasu ɗaya bayan ɗaya. Ebostik ko ɗigon sufa gulu mai kauri a tsakiyar kowane faranti, bayan an shafe katakon da banish ya bushe. Ka yi a tsakar gida ko gaban buɗaɗɗiyar taga. Warinsa na bugarwa kamar sholisho, kuma yana kama wuta, kada risho ko kyandir su kasance a kusa.

Mataki na bakwai: daɓe da ƙananan kaya

Launi kafin gam, amma ban da inda gam zai zauna. Ka shafa wa kowane abu launinsa shi kaɗai, sannan ka kankare ɗan wurin da zai taɓa daɓe har ka ga tsiraicin katako. Abin da aka manna a kan banish, banish ɗin ya riƙe, ba katako ba. Kada ka taɓa matso gam daga bututu kai tsaye zuwa jirgi. Ɗiga a kan leda, ka ɗiba da tsinke. Don tsinkakken sufa gulu, ka gutsure rabin kunnen allurar ɗinki ya zama ɗan cokali mai yatsu biyu, ka soka tsininta a sanda. Yana ɗaukar ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. In ya toshe ka ƙona bakin da ashana.

Tagogin roba mai haske da farin gam ake sa su. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a kansu wanda ba ya gogewa.

Duk abin da igiya za ta ja, kamar katakon da ake ɗaure igiyoyin jigo a gefen jirgi, gam kaɗai ba ya riƙe shi. Ka huda ƙaramin rami da bai kai milimita ɗaya ba, ka zura guntuwar wayar tagulla rabi a cikinsa rabi a jikin jirgi, sannan ka manna.

Mataki na takwas: ƙarfe

Igwa, anka, ƙafafun da jirgi zai tsaya a kai, duk aikin aradait ne. Ka wanke ƙarfen da sabulu ko asiton, don yakan zo da maiƙon masana'anta, ka karce wurin da sanfefa. Matso daidai wa daida daga bututun biyu a kan guntun kwali, ka juya minti guda cur har launin ya zama ɗaya. Awon ido da son kai ke sa shi ya kwana yana danƙo. Kada kuma ka musanya murafen bututun, in ka yi sun rufu har abada. A zafin Maris da Afrilu na minti biyar ba ya kai minti biyar, ka kwaɓa na abu ɗaya ko biyu kawai. Abin da ya ɓullo ka goge da sifirit tun yana ɗanye. Ƙananan zobba da ƙugiyoyin da ke shiga rami, ɗigon sufa gulu ya wadatar.

Idan jirginka na shiga ruwa ne, lissafi ya canja. Farin gam na yau da kullum yana saki a ruwa. Ka nemi mai jure ruwa, wanda aka rubuta D3 ko D4 a jikinsa, ka kuma shafe ciki da wajen jikin da aradait mai jinkiri.

Mataki na tara: jigo da igiyoyi

Jigo ba na manna shi. In ramin ya yi daidai, igiyoyinsa za su riƙe shi kamar yadda suke riƙe na gaske, ranar da ya karye kuma sai a zare a sauya.

Ƙulli kuwa da farin gam ake kashe shi, rabi gam rabi ruwa, a taɓa da bakin buroshi, a bar shi ya bushe, sannan a yanke jelar da sabuwar reza. Yana ɓacewa a ido, zare kuma bai rasa laushinsa ba. Sufa gulu a kan ƙulli yana bin zare ya sandarar da shi, ya baƙanta shi, wata rana ya karye daidai inda gam ya tsaya. Amfaninsa ɗaya a nan: ka taɓa bakin zare da shi, ka yanke a karkace, ka sami allurar zurawa a ƙananan ramuka. Zaren roba ba ya shan farin gam sosai, a kansa jan farce mara launi ya fi. In kana jan zare a kan kakin zuma don kwantar da gashinsa, ka sani kakin na hana gam shiga, ka bar wurin ƙulli ba kaki.

Zaren auduga yana ɗamewa da danshi, ya saki da bushewa. In ka ɗaure shi tamau da hunturu, damina za ta ƙara ja har siririn jigo ya sunkuya. Ka ja shi ya miƙe kawai, ka bar ƙullin kwana biyu kafin ka sa masa gam.

In an yi kuskure

Farin gam: jiƙa auduga da sifirit, ɗora a kan haɗin, rufe da leda, jira rabin awa, ka zura reza a hankali. In ya ƙi, ƙara sifirit, kada ka ƙara ƙarfi. Mai jure ruwa ya fi taurin kai. Sufa gulu asiton ke narkar da shi, amma yana cin fenti da roba. Aradait sai zafi da wuƙa. Ko wanne ne, ka kankare tsohon gam tas kafin ka sake mannawa, sabo ba ya kama tsoho.

Yatsu in sun manne, ka tsoma su a ruwan ɗumi da sabulu, ka shafa man gyaɗa, ka riƙa murzawa, kada ka fizge. In ya shiga ido ka wanke da ruwa mai yawa ka tafi asibiti, kada ka buɗe fatar idon da ƙarfi. Kada ka goge sufa gulun da ya zube da auduga ko gefen rigarka, yana ɗaukar zafi da auduga har ya yi hayaƙi ya ƙona fata. Ka ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, bututunsa ya yi kama da na maganin ido.

Wanda ba a buɗe ba yana daɗewa a firji, amma da wutarmu mai zuwa da tafiya na fi son kwalba mai murfi da 'yan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ajiye a inuwa. Farin gam ka goge bakin robar, ka rufe da leda kafin murfi, ka rubuta watan da ka saya a jiki.

In za ka sa jirgin a akwatin gilashi saboda ƙura, ka ba shi mako guda a buɗe bayan ɗigon sufa gulu na ƙarshe, don kada tururinsa ya kwanta a gilashin da jikin igwa. Ka kuma zaɓa masa bangon da rana ba ta bugu ta taga, nesa da inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke sauka.